KOYA WA MATASA DABARUN TSARE KAI: NA'IBAWA DA UNGUWANNIN MASANA'ANTU NA KANO



GABATARWA

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abin da ya kamata yaro ko yarinya da ke tsakanin shekara 13 zuwa 19 su sani, su kuma iya aikatawa, domin su tsare kansu daga mai nufin cutar da su. Waɗannan shekaru su ne lokacin da iyaye ke sakin hannun ɗa, a aike shi kasuwa shi kaɗai, a ba shi tire ko baro, a danƙa shi ga ubangida don koyon sana'a, alhali hankalinsa bai gama nuna ba, bakinsa kuma bai saba da musa wa babba ba. An zaɓi Na'ibawa da unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a matsayin fagen misali, domin a can ne aiki da kasuwa da tasha da gidan haya suka haɗu wuri guda, matashi kuwa yana ratsa su duka a yini ɗaya. Za a fara da bayanin yanayin wurin, sa'an nan a dubi inda cutar take fitowa, da dabarun da ake koyarwa, da shaidar amfaninsu, da waɗanda nauyin koyarwar ya hau kansu.

YANAYIN WURIN

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, ta kuma bunƙasa ne kusa da layin dogo a shekarun 1950 da 1960. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma suka shigo a shekarun 1970, sai aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka kuma faɗaɗa zuwa Challawa, inda manyan majemu suka yi sansani kusa da kogi. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa kuma da ya fito a 1986 ya nuna cewa da yawansu baƙi ne daga karkara, wasu kuwa tsofaffin almajirai ne da suka zo ci-rani suka zauna. A wannan shekara ta 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, wutar lantarki ta yi ta taɓarɓarewa, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙu da kamfanoni da dama suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Aikin dindindin mai takarda da fansho ya ja baya, aikin wucin gadi na biyan yini ko na mako ya maye gurbinsa.

Na'ibawa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso tare da Challawa da Fanshekara, ita ce ƙofar birni ta hanyar Zariya. A nan kasuwar 'Yan Lemo take, da 'Yan Katako, da tashar mota inda baƙo ke sauka dare da rana. Ma'anar wannan ga matashi a fili take. Uba ya fita aikin kwana, uwa tana sana'a a cikin gida ko ta tafi tsintar riɗi ko zoɓo a wani sito, gida kuwa na haya ne mai ɗakuna da yawa da banɗaki ɗaya, maƙwabta suna sauyawa kowace shekara. Yarinya ta ɗauki tallan abinci zuwa ƙofar kamfani lokacin tashin ma'aikata, yaro ya tafi dako a 'Yan Lemo ko ya zama ƙaren mota ko ya shiga tsintar roba da gwangwani. A tsohuwar unguwa ta cikin birni, kowane dattijo da ke zaune a ƙofar gida ya san ɗan wane ne ya wuce, ya kuma san da wa ya wuce. A bayan katangar kamfani bayan magariba, ba mai wannan ido.

Tun a ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta bayyana yadda matan kulle a Kano ke gudanar da kasuwancinsu ta hannun yara, watau yaran su ne ƙafafun iyayensu mata. Wannan bai gushe ba. Saboda haka cewa a hana talla da aike gaba ɗaya magana ce mai sauƙi a baki, amma gidan da tukunyarsa ke jiran cinikin tire ba zai ji ta ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, wajibi ne kuma a ci gaba da neman cika ta. Kafin a kai can, yaran da ke kan titi yau suna bukatar abin da za su riƙe yau.

DAGA INA CUTAR TAKE ZUWA

Abin da akan gaya wa yaro a gida shi ne ya guji baƙo, kada ya shiga motar wanda bai sani ba. Wannan gargaɗi yana da tushe. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka ceto yara 9 da aka sace daga unguwannin Kano aka kai su Onica a Jihar Anambara aka sayar, a 2021 kuma Babbar Kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Amma Bahaushe ya ce ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Jama'ar Kano ba za su manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a watan Disamba na 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya ba. Wanda ya ɗauke ta, ya kuma hallaka ta, shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, kotu kuwa ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ta bi shi ne domin ta san shi.

Ƙididdiga ma haka ta nuna. A 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya, inda aka tambayi matasa 'yan shekara 13 zuwa 24. An gano cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Ta fuskar lalata kuwa, abin ya shafi mace 1 cikin 4, da namiji 1 cikin 10. Akasarin masu laifin mutane ne da yaran suka sani, waɗanda suka sami wani taimako na asibiti ko na hukuma kuma ba su kai 5 cikin 100 ba. Ya kamata a lura da adadin maza a nan, domin a al'adance akan sa ido a kan 'ya mace a saki namiji, ga shi kuwa yaro mai kwana a shago ko a gareji ko a tasha shi ma abin farauta ne, kuma ya fi yarinya jin nauyin faɗa.

Wani masanin zamantakewa, David Finkelhor, ya bayyana a 1984 cewa kafin a yi lalata da yaro sai abubuwa 4 sun cika: mai laifin ya yi sha'awar aikatawa, ya danne tsoron Allah da ke zuciyarsa, ya sami kafar da ba idon jama'a, sa'an nan ya rinjayi turjiyar yaron. Na farko da na biyu aikin wa'azi ne da hukunci. Na uku aikin iyaye ne da unguwa da masu kamfani. Na huɗu shi ne abin da wannan lacca ta fi mai da hankali a kai. Rinjayar nan kuwa ba kasafai take farawa da ƙarfi ba. Takan fara da alheri: a saye tiren yarinya gaba ɗaya kullum, a bar mata canji, a sa wa yaro kati a waya, a yi masa alkawarin sama masa aiki a kamfani. Daga nan sai a jawo shi gefe, a ce ya kawo saƙon cikin ɗaki ko bayan sito. Sa'an nan a gwada shi da wasan hannu ko maganar batsa, a ga ko zai faɗa a gida. In bai faɗa ba, an sami asiri tsakani, asirin nan kuwa shi ne igiyar da za a ɗaure shi da ita daga baya.

KUNYA DA BIYAYYA

A laccarsa kan Mutumin Kirki da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su, a ciki har da kunya da ladabi da haƙuri da amana. Ba mai hankalin da zai so a raba ɗan Bahaushe da waɗannan. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, cewa da su ne azzalumi yake kama yaro. An koya wa yarinya kada ta ɗaga ido ta dubi babba, kada ta mayar masa da magana, kada ta ambaci al'aura ko da da suna. An koya wa yaro cewa ubangida uba ne, malami kuwa ba a musa masa. Ranar da babban ya karkace, yaron ba shi da kalmar da zai faɗi abin da aka yi masa, ba shi kuma da izinin ƙi.

Maganin wannan yana cikin tarbiyyar kanta. Addini ya sa wa biyayya iyaka, domin ba a yi wa abin halitta biyayya cikin saɓon Mahalicci. Suratun Nur ta umurci yara da masu hidima su nemi izini kafin shiga ɗaki a lokuta 3, ta kuma ɗora wa waɗanda suka balaga neman izini a kowane lokaci, hadisi kuma ya zo da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi jikinsu da addininsu ba. Ƙissar Annabi Yusufu kuwa darasi ce cikakkiya ga matashi: saurayi ne a gidan da aka rene shi, mai iko da shi ta kulle ƙofofi, ya ƙi da baki, ya ruga ƙofa, da aka juya masa laifi kuma ya faɗi gaskiya a gaban maigida. Ƙi da gudu da faɗa, waɗannan su ne ginshiƙan abin da masana na zamani ke koyarwa. Malamin da ya fara daga nan ba zai sha wahalar shawo kan iyaye ba.

DABARUN DA YA KAMATA A KOYAR

Dabara ta farko ita ce sanin haƙƙin jiki. Matashi ya san sunayen gaɓoɓinsa da lafazi mai tsabta irin na littattafan fiƙihu, ya san cewa ba wanda ke da ikon taɓa al'aurarsa ko kallonta ko nuna masa tasa, ko da kawu ne ko malami ko ubangida. Likita ma sai da dalili, a gaban wani babba na gida. Ya kuma san cewa wannan haƙƙi na kowa ne, shi ma ba ya taɓa na wani.

Ta biyu ita ce gane take-taken mai yaudara. A koya wa yara alamu guda 3: kyautar da aka ce kada a faɗa a gida, kiran da ke raba mutum da jama'a, da duk wata magana da aka ce ta zama sirri tsakanin babba da yaro. Ga 'yar talla wannan yana nufin ƙa'idoji ƙanana masu sauƙin riƙewa. Ciniki a bakin ƙofa ake yin sa, a idon mutane. Ba a shiga ɗaki ko shago ko mota karɓar kuɗi. A tafi biyu-biyu ko uku-uku, a dawo kafin magariba, a kuma bi babban titi ko da ya fi nisa. Uwa kuma ta gaya wa 'yarta da bakinta cewa in ciniki ya yi kwantai ko kuɗi suka zube, ta dawo gida ba abin da za a yi mata, domin tsoron dukan gida ya tura yara da yawa hannun mai cewa zai biya musu asarar.

Ta uku ita ce ƙi da murya. Wannan sai da gwaji, domin wanda bai taɓa ɗaga murya ga babba ba, ranar tsoro maƙogwaronsa bushewa yake yi. A aji, a sa ɗalibai su miƙe su tsaya daram, su dubi mutum, su ce "A'a, bari!" da ƙarfi, su kira sunan mai laifin in sun san shi, su yi kururuwar neman taimako, su kuma nufi inda mutane suke. A koya musu yadda ake fizge hannu daga riƙo, da cewa manufar kokawar ita ce samun kafar gudu kawai. Akwai kuma bambanci da ya wajaba a fayyace. Idan abin da ake nema waya ce ko kuɗi, mai nema kuma yana riƙe da wuƙa, to a miƙa masa. Ƙwacen waya ya ci rayuka a Kano har majalisar tsaro ta jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023. In da rai da rabo. Amma idan ana son a tafi da mutum wani wuri ne, to nan ne wurin turjiya da ihu, domin inda za a kai shi ya fi inda yake haɗari.

Ta huɗu ita ce faɗa. Kowane matashi ya zaɓi manya 3 da ya amince da su, ɗaya aƙalla a wajen gidansu, watau kamar gwaggo ko malamar Islamiyya ko matar mai unguwa. In ya gaya wa na farko bai saurara ba, ya tafi ga na biyu. Ya haddace lambar wayar mutum 2 a ka, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ya kuma ji daga bakin manya, tun kafin komai ya faru, cewa laifin na wanda ya aikata ne ko da yaron ya karɓi kyauta, ko da ya je inda aka hana shi.

Ta biyar ta shafi wurin aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana a sa wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, ta hana wanda bai kai 16 ba aiki a kan inji, ta kuma taƙaita aikin dare ga wanda bai kai 18 ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Yaron da ke zuba roba a injin niƙa, ko yake jan fata daga ruwan sinadari, galibi bai taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan ba. A koya masa kada ya sa hannu a inji sai an kashe shi daga makunni, kada ya matso kusa da bel da riga mai yalwa, kada ya taɓa ruwan jima ba safar hannu da takalmin roba, kada kuma ya shiga rami ko tankin dagwalon majema, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara, takan kuma kashe wanda ya shiga ceto. Yarinyar da wani mai ɗaukar leburori ya ce sai ta same shi a keɓe kafin ya rubuta sunanta, ta san cewa wannan laifi ne da ake kai ƙara a kansa. Haka nan duk wanda aka yi wa tayin aikatau a Legas ko Abuja, ko aiki a ƙasashen Larabawa, kada ya taka tasha sai iyaye sun san sunan mai kai shi da adireshin inda za shi. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana da ofishin shiyya a Kano, ana kuma iya tambaya a can kafin a yi sallama.

Ta shida ta shafi waya da ƙwaya, domin su ne sababbin ƙofofi. Hoton tsiraici da aka tura sau ɗaya ba ya dawowa, masu karɓarsa kuwa sukan juyo su nemi kuɗi ko wani hoton da barazanar tonon silili. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan damfara. Abin da za a koya wa matashi shi ne kada ya tura, in kuwa ya riga ya tura, kada ya biya, kada ya goge saƙonnin, ya gaya wa babba nan take. Game da ƙwaya, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Jihar Kano sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabata, a shekarar 2018 ɗin kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A wurin dako da aikin kwana, ƙwaya takan shigo ne da sunan maganin gajiya, daga hannun abokin aiki. Yaro ya iya cewa ba ya sha ba tare da jin ya zama rago ba, yarinya kuma kada ta sha lemon da ba a gabanta aka buɗe ba.

KO KOYARWAR TANA DA AMFANI

Mai sauraro yana da damar tambaya ko an taɓa gwada wannan aka ga sakamako. An gwada. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi a makarantu, waɗanda suka ƙunshi yara fiye da 5,800. An ga cewa yaran da aka koya wa sun fi sanin abin yi, sun riƙe darasin bayan watanni, ba a kuma ga alamar cewa koyarwar ta jefa su cikin fargaba ba. Masu tacewar sun yi gargaɗi cewa ƙaruwar sani ba ita ce hujjar raguwar laifin ba. Hujja ta wannan fuska ta fi fitowa daga Afirka. A unguwannin talakawa na Nairobi ta ƙasar Kenya, an koya wa 'yan matan sakandare irin waɗannan dabaru, awa 2 a mako har mako 6, malaman kuwa mata ne 'yan unguwar. Rahoton da masana na Jami'ar Stanford suka buga a 2013 ya nuna cewa adadin waɗanda aka yi wa fyaɗe cikin shekara ya sauko daga kashi 24.6 zuwa 9.2 cikin 100, alhali a wajen waɗanda ba a koya wa ba bai sauya ba. An maimaita gwajin a Malawi, aka kuma ga raguwa. An haɗa da darasi na samari, inda ake koya musu girmama mata da tsawatarwa idan sun ga ana cin zarafi.

Abu 3 ne za a ɗauka daga nan. Koyarwar ta yi aiki domin gwaji ake yi da jiki da murya, domin masu koyarwar 'yan gida ne da suka san lungunan, domin kuma ba a bar maza a baya ba. Lacca ta yini ɗaya a babban ɗakin taro ba za ta haifar da wannan ba.

WA ZAI KOYAR, A INA

Makarantar boko tana da gurbi, tun da akwai manhajar rayuwar iyali da aka fitar a 2003, ko da yake ta gamu da turjiya a Arewa saboda yadda aka gabatar da ita. Amma yawancin yaran da suka fi shiga haɗari ba sa aji da safe. Inda ake samunsu shi ne Islamiyyar dare da ta Asabar da Lahadi, da tsangaya, da gareji, da inuwar da 'yan talla ke hutawa. A nan akwai abin koyi a tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, watau mata dattijai da ke zagaya ƙauyuka suna kai wa mata ilmi har gida. Irin wannan tsari, na horar da malamai mata da ungozomomi da shugabannin 'yan kasuwa su koyar a inda suke, ya fi dacewa da Na'ibawa bisa jiran baƙo daga Abuja.

Sauran masu ruwa da tsaki kowa da rabonsa. Shugabannin 'Yan Lemo da 'Yan Katako da na ƙungiyar direbobi suna iya kafa doka a tsakaninsu cewa ba a kiran 'yar talla cikin rumfa ko mota, su kuma naɗa dattijo da dattijuwa da yaro zai kai wa kuka. Masu kamfani su sa fitila a bayan katangunsu, su keɓe wa masu sayar da abinci wuri a fili kusa da masu gadi, su kuma duba shekarun waɗanda 'yan kwangila ke kawo musu. Masu unguwanni da limamai da Hukumar Hisba su san gidajen haya da kangwaye da ke yankinsu. Jami'a kuwa, musamman sassan ilmi da nazarin zamantakewa da Hausa da kiwon lafiyar al'umma, ita ce ta dace ta rubuta darussan da Hausa mai tsabta, da boko da ajami, ta gwada su a 'yan makarantu, ta auna sakamako kafin a yaɗa.

IDAN ABIN YA RIGA YA FARU

Duk dabarar da aka koya wa yaro, wani lokaci ƙarfi ko makami ko tsoro yakan rinjaye shi, wanda ya sandare don firgita kuwa bai yi laifi ba. A nan manya su ne masu bukatar darasi. Yaron da ya zo da magana a saurare shi, a gaskata shi, kada a fara da tambayar me ya kai shi. A kai shi asibiti kafin wanka da wanke tufafi, domin shaida tana jiki. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad akwai cibiyar Waraka, wadda aka keɓe don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Bayan asibiti sai hukuma. Nijeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Kano kuma ta sa hannu a kan tata Dokar Kare Yara a watan Mayu na 2023, amma doka ba ta hukunta wanda ba a kai gabanta ba. Sulhun da ake yi a zaure, a karɓi kuɗin magani a ce a rufa asiri, asirin mai laifi yake rufawa, ya kuma ba shi damar komawa kan yaron maƙwabta.

KAMMALAWA

An nuna a wannan lacca cewa yanayin aiki da zama a Na'ibawa da Sharaɗa da Challawa da Bompai ya rage idon da a da yake kan matasa, cewa mai cutarwa galibi sananne ne, cewa kunya da biyayya suna bukatar a sanar da yaro iyakarsu, kuma cewa dabarun tsare kai abu ne da ake koya, an kuma gwada shi a unguwanni masu kama da waɗannan. Abin da ake nema bai fi ƙarfin jama'a ba: awa 12 na koyarwa, malami ko malama da aka horar daga cikin unguwa, da manya masu shirin saurare. Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an sami mai faɗa. Ya rage ga jami'a da sarakuna da malamai da masu masana'antu su zauna su fitar da wanda zai fara, da makarantar da za a fara da ita.

Allah ya shirya zuriya, ya tsare ta daga sharrin na nesa da na kusa.